Fata Arba'in da Sunan da Aka Laƙaba Mini a Jidda

Ba zan ɓata takarda a kan yadda na bar gida ba. Na bari, shi ke nan. Wanda yake son dalili ya je bayan Kaura Namoda ya tambayi 'yan'uwana, kowa a cikinsu yana da nasa labarin. Abin da zan rubuta shi ne yadda mutum mai takardar shaida ya koma ɗan dakon gishiri a Jidda, da yadda wata kalmar Turanci ta bi ni har ta kusa cinye sunan da ubana ya raɗa mini.

Sunana Haruna. Na yi elementare zuwa aji uku aka cire ni, aka kai ni wurin fata. A ƙasarmu akuya ja ce arziki, kuma tun kaka da kakanni in an feɗe ta sai a shimfiɗa fatar a ƙasa, a kafa mata tsinke, rana ta gasa ta. Sai gwamnati ta aiko da malamin fata ya kafa rumfa a bakin kasuwa. Shi ya koya mana a wanke fata, a kankare naman da ya manne, a ɗaure ta da igiya a cikin katako mai kusurwa huɗu, a rataye a inuwa iska ta busar da ita. Dokarsa huɗu ce, muna rera ta kamar karatun allo: ban da ƙasa, ban da rana, ban da toka, ban da gishiri. Na iya aikin nan fiye da kowa a rumfar. Aka ba ni takarda mai hatimi, Bature ya sa hannu a ƙasa.

A rumfar saye na fara jin kalmar. Baturen kamfani yakan ɗaga fatar da aka shanya a ƙasa, ya shinshina, ya ce "bush", ya wurga ta hagu. Ɗan Turancin da na samu a aji uku ya ishe ni in gane: bush daji, man mutum. Mu yaran rumfa muka ɗauke ta muka sa a aljihu. Duk wanda ya shigo da fata mai ƙasa a jiki, bushiman ne. Na taɓa faɗa wa kawuna ita a gaban mutane, ƙanin uwata, mai furfura. Bai san me nake nufi ba, ya yi dariya tare da mu. A lokacin ina ganin na burge.

Hanya ce ta koya mini zargi, ba da shi aka haife ni ba.

A Janaina, inda ake shiga Sudan, wani mutum ya tare motarmu da Hausa mai daɗi, yana cusa Larabci a tsakiya. "Yalla ya Hajji, ku kawo katin allura, ni zan kai a buga muku, halas." Mu goma sha ɗaya muka ba shi. Har yau ana bugawa. Kwana tara muka yi a gindin wata bishiya kafin a sake yi mana allurar, hannuna ya kumbura kamar gora.

A Niyala na shiga jirgin ƙasa da ƙunshi biyu, na sauka da ɗaya. Wanda ya zauna kusa da ni ya ce kakansa Bakano ne, ya ba ni dabino, ya tambaye ni ko har yanzu ana rini a Ƙofar Mata. Na gyangyaɗa tsakanin tasha biyu. Shi ke nan.

Na Fot Sudan ya fi ciwo. Ina da wuƙaƙe biyu na aiki, masu kai zagaye, waɗanda ba sa huda fata. Wani dattijo mai carbi ya ce 'yan kwastan za su ƙwace, in ba shi, yana da hanya, zan same su a cikin jirgi. Shi ma Hausarsa rabi ce, rabi Larabci. Na shiga jirgin ruwa ina leƙa fuskar kowa, ina amai, ina leƙe, har muka hango Jidda.

Saboda haka na sauka da doka ta biyar wadda malamin fata bai koya mini ba: Bahaushen da yake sa Larabci a tsakiyar magana, ka dafe aljihunka. Takardar shaidata kuwa tun a Niyala na naɗe ta na ɗinke a cikin fata kamar laya, na rataya a ƙirji. Ko wanka ba na cire ta.

Na yi aikin hajji, Allah ya karɓa. Da aka watse ban koma ba, don babu abin komawa. Takardar izinin shiga ƙasar da na zo da ita ta ƙare, na zama cikin waɗanda ake kamawa a titi a zuba a mota a mayar. Kowa ya gaya mini magana ɗaya: sai ka sami kafili, wato mai gidan da zai tsaya maka, ya fitar maka da iƙama, takardar zama. In babu ita, ko tari ka yi da ƙarfi sai ka waiwaya.

A unguwar Ruwais na faɗa hannun Hajiya Kaltume, Bahausar Sudan, mai sayar da wake da gurasa a bakin wani lungu da ke fuskantar teku. Ta gan ni ina zaune a inuwar katangarta kwana biyu, ta ce akwai tabarma a bayan gida kusa da tulunan ruwa. Na karɓi tabarmar, abinci kuwa na ƙi. Na ce a raina, yau ta ciyar da kai, gobe ta nuna ka. Kwana uku ina cewa azumi nake yi.

Ran na huɗu ta ajiye kwano a gabana, ta tsuguna, ta gutsuri gurasa ta dangwala ta ci.

"Ka gani ban mutu ba," in ji ta. "Ɗan'uwa, in ma sayar da kai zan yi, wa zai saya? Dubi wuyanka kamar na zakaran da ya sha ruwan sama. Ci."

Na ci. Amma ina ci ina lura da ƙofa.

Abu biyu na gani a gidan nan da ya kamata su koya mini hankali. In na wanke rigata da safe na shanya, har la'asar tana nan da danshi. Ashana kuma sai ka ƙyasta uku kafin ɗaya ta kama. Na ce sabulun garin ne ba shi da kyau, ashanar kuma ta jabu ce.

Da Hajiya ta ji sana'ata, ta ce akwai wani sito na fata a Khumra, can kudu inda gari ya ƙare, kuma shugaban ma'aikatan wurin ɗan ƙawarta ne, Usman. Na shiga bayan wata motar kaya na tafi.

Tun daga nesa na san na iso, hanci ya gaya mini. Amma da na shiga sai na tsaya. Babu katako, babu igiya, babu rumfa. Fata ce a jibge a kan dakalin siminti, ɗaya a kan ɗaya, tsakanin kowace biyu an zuba gishiri kamar ana binne ta. Ruwa ja yana tsiyaya zuwa kwata. A gefe ga buhunan gishiri sun kai rufi. Na ce a zuciyata, ashe Larabawa da duk kuɗinsu ba su iya fata ba.

Usman ƙato ne, baƙi, ya girme ni da kaɗan. A Jidda aka haife shi, kakansa ne ya zo daga Katsina da ƙafa. Shi bai taɓa ganin Katsina ba. Da ya buɗe baki gabana ya faɗi.

"Marhaba, ya Haruna. Hajiya ta aiko da khabar ɗinka. Ka iya shughul na fata, sahih?"

Irin muryar Janaina, irin ta Fot Sudan. Na dafe ƙirjina inda takarda take.

Akwai kuma akawu, Isiyaku, mutumin Jos, da wando da agogo. Ya yi aiki a Ikko kafin ya zo. Shi yake rubuta wa masu saye na Italiya wasiƙa da Turanci, shi yake fassara wa mai sito abin da suka ce. Ranar farko ƙishirwa ta kama ni, ya nuna mini wani akwatin ƙarfe mai ba da ruwan sanyi. Na murɗa, na ja, na daka, ruwa bai zo ba. Ashe da ƙafa ake takawa. Isiyaku ya taka, ruwa ya feso mini a fuska.

"Bushiman," ya ce, yana dariya, ya juya wurin Yamalawan da ke aiki a wurin ya sake faɗa.

Ya ɗauka ban ji ba. Na ce masa da Turancin aji uku cewa na san kalmar, kuma na riga shi amfani da ita.

"To ai shi ke nan, Malam Haruna, ba sai na fassara ba," in ji shi.

Wannan ban riƙe shi da zafi ba. Wanda bai taɓa ganin abu ba, bai gani ba. In dai wannan ce ma'anar, ta kwana ɗaya ce, gobe na iya taka ƙarfen.

Mai sito wani Balarabe ne tsoho, ɗan siriri, mutumin Hadramaut. Kowa Maigida yake ce masa, har Yamalawa sun koya. Yana neman wanda zai riƙa tantance fata, ya ware lamba ɗaya da lamba biyu da lamba uku kafin a ɗaure, don wanda yake yi ya tsufa idonsa ya mutu. Na nuna layar ƙirjina na ce akwai takarda a ciki. Isiyaku ya fassara. Maigida ya kaɗa hannu, ya ce shi ba ya karanta laya. Ya sa aka ware fatar akuya arba'in da aka kawo daga mahauta da safen nan. Ya ce in gyara su da hannuna, bayan kwana goma zai dawo ya duba. In sun yi, shi ne kafilina, kuma a iƙama za a rubuta ni mai tantance fata. In ba su yi ba, ƙofar da na shigo tana nan.

Kafin in taɓa su Usman ya riga ya sa an watsa musu gishiri. Ya ja ni gefe.

"Isma, ya Haruna. Ka kankare su yadda ka iya, wannan naka ne. Amma ba'den ka mayar da su cikin milh, gishiri, da yawa, kar ka ji tausayinsa. Kwana uku ka juya, ka sa sabo."

"Gishiri yana ƙona fata," na ce.

"A ina?"

"A ko'ina. Haka aka koya mana, kuma da takarda."

"Garinku akwai bahar?"

"Me ya haɗa teku da fatar akuya?"

Ya ɗaga hannu ya damƙi iska, ya buɗe tafinsa a gabana kamar zai nuna mini wani abu. "Hawa ta nan, iskar garin nan, ruwa ce, ya akhi. Ba ta shanya komai. Ita ma nema take a shanya ta."

Na ce to. Amma ina kallon bakinsa ne, ba maganarsa ba.

Da azahar na ga wani mutum ya zo, farin saurayi mai gashin baki, suka zauna da Usman a kan buhu suna shan shayi. Yana shan shayin yana ɗaga fata ɗaya yana dubawa a haske, irin duban wanda ya san abin da yake nema. Na tambayi wani Bayamale ko wane ne. Ya ce ƙanin matar Usman ne. Washegari ya sake zuwa.

Nan lissafina ya cika. Usman yana son wurin nan ga surukinsa. Ga baƙo ya faɗo daga sama da takarda. Hanya mafi sauƙi ita ce a ba baƙo shawarar da za ta ɓata masa fata, a gaban Maigida a ce ai ga shi, bai iya ba. Na tuna mai katin allura, na tuna mai dabino, na tuna mai carbi. Duka da murmushi suka zo, duka da "ya akhi". Na ce wannan karon ba da ni ba.

A bayan sito akwai wata rumfar kwano da ake tara fasassun akwatunan katako. Na roƙi guduma na ce zan gyara wurin kwanana. Kwana ɗaya na yi ina haɗa katako, na tsinke igiyar buhu na murza. Na kwashe fatun nan arba'in zuwa famfo, na wanke gishirin tas, har ina ɗanɗana ruwan da harshe in tabbata ya fita. Na kankare su da wata wuƙar aro da na goge wa kai a kan siminti har ya zagaye. Ban huda ko ɗaya ba. Na ɗaure, na ja igiya daidai, na jera su a inuwa, tsakanin kowace biyu tafin hannu, fuska ga iska. Da na ja baya na dube su sai da idona ya yi ruwa. Kamar bakin kasuwarmu. Tun da na bar gida ban ji ni mutum ba ne sai ranar.

A garinmu, fatar akuya a inuwa kwana biyu ta fara tauri. Ran na uku in ka ɗalle ta da yatsa sai ta amsa kamar ganga.

Ran na biyu na ɗalla. Shiru, kamar na taɓa rigar da aka jiƙa.

Na ce wani yana watsa musu ruwa. Da yamma na share ƙasar rumfar, na baza yashi mai laushi kewaye da ita yadda ko ɓera ya wuce zan gani. Da safe na zo. Sawun kyanwa ɗaya, sai nawa. Amma fatun sun jiƙe, kwanon rufin yana ɗiga, har gudumar da na bari ta yi gumi. Na tsaya ina duban rufin ina neman inda mutum zai iya hawa ya zuba ruwa ba tare da ya taka ƙasa ba. Wallahi haka na yi. Har tsani na je na duba ko an motsa shi.

Ran na uku Usman ya wuce ta bakin rumfar da buhu a kafaɗa. Ya tsaya, ya dubi fatun, ya dube ni.

"Milh yana nan, ya Haruna. Yau ma bai ɓaci ba. Gobe ban sani ba."

"Na gode, Malam Usman. Kowa da hannunsa."

Ya gyara buhunsa ya wuce. Na ce a raina, ya ga dabararsa ba ta ci ba.

Ran na huɗu wari ya canja. Wanda ya yi aikin fata ya san bambancin warin ɗanyar fata da warin wadda ta fara mutuwa. Na san shi, amma na ce daga kwata yake zuwa.

A ranar ne Isiyaku ya same ni a bakin rumfar ina cin gurasa. Ya toshe hanci da hankici, ya leƙa, ya fito. Bai yi dariya ba, wannan ya fi ba ni haushi.

"Malam Haruna, ka san a Ikko ni ma bushiman suke ce mini? Da wandona da agogona. Duk wanda ya sauko daga jirgin Arewa haka suke kiransa. Su kuma na Ikkon, na ji Bature yana faɗa musu ita in sun juya baya. Kowa yana da wanda yake jefa wa."

"To sai ka zo nan ka sami naka."

"Ranar ruwa wasa nake yi. Wannan ba komai ba ne, kowa baƙo ne a wani wuri. Amma akwai ma'ana ta biyu, wadda Bature yake nufi in ya ɓata rai. Mutumin da ya ga yadda ake abu a garinsu, ya ɗauka duniya ta ƙare a nan. A gaya masa, ya ce ana cutarsa." Ya nuna rumfar da haɓa. "Ka sa gishirin nan, Malam."

"Nawa Usman ya ba ka?"

Ya dube ni, ya ninke hankicinsa ya sa a aljihu. "Allah ya ba da sa'a," ya ce, ya tafi.

Ran na shida na kama gashin wata fata na ja kaɗan. Ya biyo hannuna kamar ciyawar da aka jiƙa. Na gwada ta biyu, na gwada ta goma. A wuyan wata na ga tsutsa. Sai a lokacin na ruga na ɗauko buhun gishiri, na kwance su, na zuba, na zuba, har hannuna ya tsage. Amma gishiri ba ya ta da matacce. Ni ma na sani.

Maigida ya zo ran na goma da safe. Bai ƙarasa rumfar ba ya tsaya, ya ja gefen rawaninsa ya rufe hanci. Ya ɗaga ɗaya da kan sandarsa, gashin ya zube a ƙasa. Ya yi magana gajeriya, ya nuna ƙofa. Wannan ba ya bukatar Isiyaku.

Na riga na fara tunanin motar da ake zuba mutane, da jirgi, da fuskar kawuna in na sauka a Kaura hannu biyu. Sai Usman ya shiga gaban Maigida. Ya yi ta Larabci, da sauri, yana nuna ni. Na ce to, ga shi yana ƙarasa ni, wataƙila cewa yake a kira 'yan sanda. Ya sunkuya ya ɗauki ruɓaɓɓiyar fata da hannunsa, ya juya cikinta, ya shimfiɗa a kan gwiwarsa, ya bi ta da yatsa daga wuya zuwa wutsiya. Ya ɗauko wata, ya ɗauko wata. Maigida ya matso, hanci a rufe, ya duba.

Na ja rigar Isiyaku. "Me yake cewa?"

"Cewa yake a duba aikin wuƙa. Fata arba'in, babu huda, babu tsaga, babu nama. Ya ce shekararsa ashirin a nan bai ga hannu irin wannan ba."

"Sai me?"

"Sai ya ce hannun ya iya, kan ne bai iso ba tukuna, yana hanya."

Maigida ya ce ba zai ba mutumin da ba ya jin magana amanar lamba ɗaya da lamba biyu ba, ko da hannunsa na zinariya ne. Usman ya ce yana bukatar mai ɗaukar gishiri daga mota zuwa dakali, kuma shi ya tsaya mini. Tsohon ya dube ni tun daga ƙafa, ya ce halas.

Ni da Usman muka haƙa rami a bayan sito muka binne fatun. Rana ta take, ƙasar wurin kuwa in ka yi zurfin gwiwa sai ruwan gishiri ya fara tsatsowa. Muna cikin tura ƙasa na kasa haƙuri.

"Malam Usman, ka ga rumfar nan tun ran na uku."

"Tun ran farko. Ni na ba da guduma."

"Kai ne shugaba. Me ya hana ka sa a kwance su?"

Ya dogara da shebur ya share gumi. "Na gaya maka marra biyu, sau biyu da bakina, na aiko Isiyaku na uku. In na kwance su da hannuna na sa milh, suka yi kyau, me za ka ce?"

Na soka shebur a ƙasa.

"Za ka ce da an bar ka da sun fi haka. Har ka mutu kana faɗa." Ya ci gaba da tura ƙasa. "Yalla, rana tana ci."

Wurin mai tantance fata kuwa, bayan wata ɗaya aka ba ƙanin matarsa. Na rubuta wannan don kada a ce na ɓoye. Shekara da shekaru ina juya abin nan a kaina. Wani lokaci in ce mutumin nan ya cece ni daga mota. Wani lokaci in ce ya ga rami a gabana, ya yi gyaran murya sau uku yadda ba wanda zai zarge shi, ya bar ni na faɗa, sannan ya miƙo hannu. Duka biyun suna iya zama gaskiya. Ya rasu ban tambaye shi ba, ni na ɗauki ƙafar makararsa ta dama, kuma ko a lokacin ina tunanin.

Ranar da iƙama ta fito, Isiyaku ya karanta mini. A wurin sana'a an rubuta hammal, ɗan dako. Na koma Ruwais na nuna wa Hajiya Kaltume, ta yi guɗa ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su ji, ta ƙara mini wake. Na ce bari in haɗa takardun biyu wuri ɗaya, ta gida da ta nan. Na ciro layar daga wuyana na farke ɗinkin.

Takardar ta manne da fatar. Na ɓamɓare ta a hankali, ta rabu gida uku. Ta yi baƙi-baƙi da kore, tana warin rumfar nan. Hatimin ya zama tabo. Inda Bature ya sa hannu babu komai sai danshi. Iskar da ta ci fata arba'in ta daɗe da shiga ƙirjina ta ci wannan, ina ta dafe ta ina tsare ta daga ɓarayi.

Hajiya ta leƙo ta ce, "Wannan ce takardar da ake ta faɗa?"

Na ce ita ce.

"To ajiye ta nesa da abinci."

Yanzu shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar gishiri a Khumra. Kafaɗata ta dama ta fi ta hagu ƙasa. In fata mai tsada ta zo, ni ake kira in kankare, amma a takarda har yau ɗan dako ne. Yamalawan nan da suka ji kalmar ranar ruwan sanyi sun ɗauka sunana ne. Suka gaya wa waɗanda suka zo bayansu, su ma suka gaya wa na bayansu. Direbobin motar gishiri in sun tsaya a ƙofa, "Ya Bushiman" suke kira, da ladabi, wasu har da "Hajji" a gaba. Babu wanda ya san Turanci a cikinsu. Ina amsawa.

Isiyaku ya koma gida tuntuni, na ji ya zama babban mutum. Na yafe wa mai katin allura, na yafe wa mai dabino, har mai carbin da ya tafi da wuƙaƙena na yafe masa, don su ƙarya suka yi mini. Isiyaku ne ban yafe wa ba.

Kawuna kuma ya rasu shekara uku da zuwana. Na so in rubuta masa in gaya masa ma'anar abin da na kira shi a bakin kasuwa, ranar da ya yi dariya tare da mu. Na sayi takarda da ambulan, na ajiye a akwati ina jiran in sami yadda zan fara. Da na buɗe, ambulan ɗin ya manne da kansa.